Yadda Maigida Zai Gane Ƙaiƙayin Gaba da Ya Ɗauka Wajen Iyalinsa, da Yadda Zai Magance Shi

A ɗakin shan maganin da nake aiki, da wuya namiji ya shigo ya ce gabansa na ƙaiƙayi kai tsaye. Yakan jira layi ya ragu, ya fara da ciwon kai ko kasala, sai ya ga na ɗauki biro zan rubuta magani, sannan ya sassauta murya ya ce, "Malam, akwai kuma wata 'yar matsala." Mafi yawansu kafin su iso gare ni sun riga sun sha ampiclox, an yi musu allura a kemis, sun sayi jarkar maganin sanyi a tasha, abin kuma yana nan. Da yawa daga cikinsu abin da ke damunsu ƙaramin abu ne da kirim ɗin da bai kai kuɗin allura ɗaya ba yake warkarwa cikin mako guda ko biyu. Sunansa kandida.

Kandida ƙwayar halitta ce dangin yis, irin wanda ake kwaɓa fulawar fanke da burodi da shi, ko da yake ba shi ba ne. Tana zaune a jikin mutane masu lafiya ƙalau, a baki da hanji da fata da gaban mace, ba ta cutar da kowa muddin ba ta yi yawa ba. Idan ta samu ɗumi da laima da suga, ko aka kashe ƙwayoyin da ke danne ta, sai ta yaɗu ta fara ci. Kimanin mata 3 cikin 4 za su yi fama da ita aƙalla sau ɗaya a rayuwarsu, har da 'yan matan da ba su taɓa sanin namiji ba. Idan miji ya kusanci matarsa a lokacin da abin ya taso mata, ruwan gabanta da ke ɗauke da ƙwayar yakan zauna a kan kaciyarsa, musamman inda gogayya ta ɗan goge fata. Kimanin maza 15 cikin 100 sukan samu ƙaiƙayi da ja bayan irin wannan saduwa. Sauran mazan kuwa, jikinsu kan kore ta ba tare da sun ma sani ba. Marar kaciya da mai ciwon suga su ne suka fi kamuwa. Mu da yake ana yi mana kaciya tun muna yara abin bai kai na wasu ƙasashe yawa ba, amma yana faruwa, ina kuma ganinsa kusan kowane mako.

Kayan da za ka tanada

Kirim mai suna clotrimazole, mai ƙarfin kashi 1 cikin 100. Canesten ɗaya ne daga cikin sunayen da ake sayar da shi da su, akwai wasu masu rahusa da aikinsu ɗaya ne. Idan babu shi, miconazole mai kashi 2 cikin 100 yana maye gurbinsa. Ka karanta jikin kwalin da kanka, ko ka sa a karanta maka. Sunan magani ɗaya tak ake so ka gani. Ka duba ranar lalacewarsa, in a Najeriya kake ka duba lambar NAFDAC.

Ƙwayar sha mai suna fluconazole, 150 mg, guda ɗaya. Ba kowa ke buƙatarta ba, kada ka saya sai ka karanta mataki na 6.

Maganin matsi na clotrimazole domin uwargida, idan ita ma tana da alamun.

Ruwa mai tsabta mai ɗan ɗumi, da ƙananan tawul ko tsumman auduga guda 2 ko 3 waɗanda naka ne kai kaɗai.

Gajerun wanduna na auduga masu walawa, aƙalla 3, don ka riƙa sauyawa.

Haske mai kyau. Hasken rana ya fi, in ba hali fitilar waya ta isa.

Kuɗin awon suga. Ba shi da tsada, kuma a ganina ya fi duk abin da na lissafa a sama muhimmanci ga wanda ya haura shekara 35 ko wanda abin ke yawan dawo masa.

Mataki na 1: Duba wurin da idonka

Kafin ka wanke, kafin ka shafa komai, ka samu wuri mai haske ka duba. Kandida a jikin namiji a waje take zama, a kan kaciya da zagayen wuyanta, ba cikin mafitsara ba. Abin da za ka gani shi ne wurin ya yi ja ko ya yi sheƙi kamar an shafa mai, wani lokaci da ƙananan ɗigo-ɗigo jajaye kamar an yayyafa barkono. A fata mai duhu jan ba ya fitowa sosai, sai dai ka ga wurin ya sauya launi ko ya yi fari-fari yana saɓa. Akan ga wani farin abu mai kauri kamar dagargajajjiyar awara ya taru a lungun wuyan kaciya, ko a ƙarƙashin loɓa ga wanda ba a yi wa kaciya ba. Ƙaiƙayi da raɗaɗi suna ƙaruwa bayan saduwa da kuma lokacin da aka yi gumi. Idan abin ya daɗe fatar kan tsattsage ƙanana-ƙanana, fitsari in ya taɓa wurin ya yi zafi.

Ka tuna yaushe ya fara. Yawanci kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki ne bayan saduwa. Akwai kuma wani nau'i da ke ruɗa mutane, wanda zafi da jan kan taso cikin mintuna ko 'yan sa'o'i bayan an gama, su lafa bayan kwana ɗaya ko biyu, su sake dawowa a saduwa ta gaba. Wannan jikin mijin ne ke nuna ƙin ƙwayar da ke jikin matar. Shi komai yawan kirim ɗin da ya shafa ba zai rabu da abin ba sai an yi wa matar magani.

Mataki na 2: Tabbatar ba wata cutar ba ce

Nan ne aka fi yin kuskure, shi ya sa zan daɗe a kai. Kalmar "sanyi" ta zame mana buhu, kowace cutar gaba a ciki ake jefa ta. Mai lasifika a kasuwa zai ce maka sanyi ne ke kawo ƙaiƙayi da ciwon baya da saurin kawowa da rashin haihuwa da ƙurajen fuska, kuma jarkarsa ɗaya ta isa duka. Alhali cututtuka ne daban-daban, ƙwayoyinsu daban, magungunansu daban, haɗarinsu ma ba ɗaya ba ne. Kandida ba ta hana haihuwa, ba ta kashe ƙarfin namiji. Amma wasu daga cikin masu kama da ita suna toshe hanyar haihuwa idan aka yi sakaci.

Idan ruwa ko mugunya na fitowa daga cikin ƙofar fitsari, fari ko rawaya, kana kuma jin zafi daga ciki lokacin fitsari kamar ana tsaga ka da reza, wannan ba kandida ba ce. Ya fi kama da gonoriya ko kilamidiya, su ne ainihin ciwon sanyin da ake ɗauka ta saduwa, kuma suna buƙatar antibayotik na musamman daga likita, kai da duk wadda ka kusanta. Idan ƙuraje ne masu ruwa a ciki da suka fito a tare, suka fashe suka bar gyambo mai zafi, ana zargin hapis. Idan gyambo ne guda ɗaya mai tauri wanda ba ya zafi, ka ji tsoron tunjere, ko da ya warke da kansa cutar tana nan cikin jini. Idan ƙaiƙayin ya fi tsanani da dare, akwai shi a tsakanin yatsu da wuyan hannu, yaran gida ma suna susa, ƙazuwa ce. Idan kuma a matsematsi yake, ya yi zagaye mai baki-baki yana faɗaɗa zuwa cinya, kan kaciya kuwa lafiya lau, makero ne. Shi makero kirim ɗin clotrimazole yana yi masa aiki, sai dai yakan ɗauki mako 2 zuwa 4.

Alamun matar ma suna taimaka maka. Kandida a jikin mace ƙaiƙayi ne mai tsanani da farin ruwa mai kauri gudaji-gudaji kamar madarar da ta tsinke, kuma ba ta da wari sosai. Idan ruwan tsararo ne mai ƙarni kamar na kifi, ko rawaya-kore mai kumfa, ko tana ciwon mara da zazzaɓi, wata cutar ce, ku tafi asibiti a yi gwaji. Cikin waɗannan akwai tirikomonas, wadda dole a yi wa miji da mata magani tare ko da mijin ba ya jin komai.

Idan wannan ne karo na farko da abin ya same ka, ko ka duba ka kasa tantancewa, ka cire kunya ka bari ma'aikacin lafiya ya gani. Kallon minti ɗaya ne. In kana jin nauyin mace, ka nemi namiji ya duba ka, babu wanda zai ga laifinka.

Mataki na 3: Yi magana da iyalinka, kuma ka san yadda za ka yi ta

Na ga auren da ya girgiza a kan wannan abu, don haka ba zan wuce shi da sauri ba. Namiji ya ga ƙaiƙayi bayan ya kwana da matarsa, sai zuciya ta fara raya masa abin da babu shi. Ɗan'uwa, kandida ba shaidar cin amana ba ce. Likitoci ma ba sa lissafa ta cikin cututtukan da ake ɗauka ta jima'i, saboda daga jikin mace kanta take tasowa. Juna biyu na tayar da ita. Shan antibayotik na tayar da ita. Gabatowar al'ada, ciwon suga, zafin bazara, ɗan kamfai na leda, duk suna tayar da ita. Sau da yawa ma antibayotik ɗin da kai maigida ka sayo mata a kemis don mura ko taifot shi ne mafarin abin. Haka ita ma kada ta zarge ka ko ta zargi abokiyar zamanta. Batun cewa a masai ake kwasowa, wanda ya sa mata ke tsoron bayan gidan asibiti da na makaranta, shi ma ba shi ne tushen ba.

Ka same ta ku kaɗai, ka ce mata ga abin da ka gani a jikinka, ka tambaye ta ko tana jin ƙaiƙayi ko ta ga sauyin ruwa. Mata da yawa sun daɗe suna fama a ɓoye, suna tsarki da ruwan zafi da bagaruwa da kanumfari, suna jin nauyin faɗa. Ka tambaye ta abubuwa uku: ko akwai yiwuwar tana da ciki, ko ta sha antibayotik kwanan nan, da kuma ko tana cusa wani abu a gabanta. Amsoshin nan su za su nuna irin maganin da ya dace da ita.

Mataki na 4: Wanki da busarwa

Ka wanke wurin da ruwa mai ɗan ɗumi zalla, sau 2 a rana. Marar kaciya ya ja loɓar baya a hankali ya wanke ƙarƙashinta, ya busar, sannan ya mayar da ita mazauninta, kada ya bar ta a janye. Ban da sabulu mai ƙamshi, ban da sabulun da ake kira na magani, ban da Dettol ko gishiri ko alimun ko toka ko lemun tsami. Fatar wurin a ƙone take, waɗannan ƙara ƙona ta suke yi. Kada ka dirza da soso.

Busarwa ita ce abin da muka fi sakaci da shi. Muna tsarki da ruwa sau da yawa a rana, abu ne mai kyau ƙwarai, amma sai mu miƙe mu ɗaura wando a kan jiƙaƙƙen jiki, mu zauna a mota ko kan babur ko a shago cikin zafi har wata sallar. Laimar nan da ɗumi su ne gonar kandida. A kwanakin magani ka riƙa yawo da ƙaramin tsumma mai tsabta ko takardar goge hannu, bayan tsarki ka ɗan dadanna wurin ya bushe. A wanke tsumman kullum a shanya a rana.

Mataki na 5: Shafa kirim

Ka wanke hannu. Ka matso kirim kamar girman ƙwayar wake a kan yatsa, ka shafa siriri a kan kaciya da zagayen wuyanta da duk inda ya yi ja, ka ɗan zarce gefen wurin kaɗan. Kada ka tura shi cikin ƙofar fitsari. Ka sake wanke hannu.

Sau 2 a rana ake shafawa, in abin ya yi tsanani sau 3. Da yake tsarki na wanke kirim ɗin, nakan ce wa mutane su ɗaura shi da lokutan salla: sau ɗaya bayan sallar asuba, sau ɗaya bayan isha'i idan an yi fitsarin ƙarshe za a kwanta. Na daren shi ya fi aiki, domin yakan kwana a wurin ba a wanke shi ba. In ka yi wanka da rana, ka ƙara shafawa bayansa.

Cikin kwana 2 ko 3 ƙaiƙayin zai ragu sosai, kuma a nan ne mutane ke ajiye kirim ɗin. Kada ka ajiye. Ka cika kwana 7 aƙalla, in jan bai gama bajewa ba ka kai 14. Ɗan zafi-zafi kaɗan a shafawar farko ba komai ba ne, amma in wurin ya kumbura ko ya ƙara ja bayan shafawa, ka wanke ka daina, jikinka bai karɓi maganin ba, a sauya maka wani.

Babban gargaɗina a nan shi ne kirim mai haɗi uku, wanda masu kemis suka fi miƙo wa mutum da zarar ya ce ƙaiƙayi. In ka ga an rubuta betamethasone ko clobetasol ko dexamethasone a jikin kwalin tare da wasu sunaye, ka mayar. Waɗannan sitiroid ne, wato magungunan danne kumburi da ƙaiƙayi. Suna kashe ƙaiƙayi cikin dare ɗaya, mutum ya ɗauka ya samu magani, alhali suna raunana garkuwar fatar, suna sa ta yi siriri. Da an daina sai abin ya dawo fiye da da, a sake shafawa, a haka wasu ke shafe watanni. Fatar gaba ta fi ta ko'ina saurin shanye irin wannan magani. Man bilicin na mata da yawa ma irin sinadarin ke cikinsu, kada a kai su wurin.

Idan kana ƙauyen da babu kirim ɗin a kusa, ka tsaya a kan wanki da ruwa zalla da busarwa da dakatar da saduwa har ka samu wanda zai shiga gari ya sayo maka. Ƙaramin kamu yakan lafa da hakan kaɗai. Kada ka cike gurbin da tafarnuwa ko man zafi ko fasa kafso a barbaɗa.

Mataki na 6: Ƙwayar sha, da waɗanda bai kamata su sha ba

Idan kirim bai wadatar ba, ko wurin ya yi faɗi, ana shan fluconazole 150 mg ƙwaya ɗaya tak, sau ɗaya. Tana daɗewa a jiki tana aiki kwanaki, don haka kada ka ga gobe ba ka warke ba ka ƙara wata. Na sha ganin wanda aka ba shi ita safe da yamma har mako guda ba tare da dalili ba, wannan wahalar da hanta ce kawai.

Kada ka sha ba tare da shawarar likita ba idan kana da ciwon hanta ko ƙoda, ko matsalar bugun zuciya, ko kana shan maganin tsinka jini irin warfarin, ko maganin suga irin glibenclamide, domin haɗuwarsu na iya faɗar da suga ƙasa sosai. Haka masu shan maganin farfaɗiya ko na rage kitsen jini, su faɗa wa mai ba da maganin abin da suke sha tukuna.

Ampiclox, amoxicillin, ciprofloxacin, kafso ja da rawaya, allurar sanyi, babu ɗayansu da ke taɓa kandida. Ƙwayoyin bakteriya suke kashewa, har da masu amfanin da ke gadin gaban mace, sai kandida ta samu fili. Flagyl ma ba maganinta ba ne, nasa aikin daban.

Mataki na 7: Maganin uwargida

Idan tana da alamun, a yi mata magani a lokaci ɗaya da kai, in ba haka ba kana warkewa za ka sake ɗauka. Maganin matsi na clotrimazole kala uku ne: na 500 mg dare ɗaya, na 200 mg dare 3, na 100 mg dare 6. Da daddare ake sawa lokacin kwanciya, da hannu mai tsabta ko abin turawar da ke cikin kwalin, a tura can ciki. Tana iya shafa irin kirim ɗinka a waje inda ke ƙaiƙayi. In ba ta son matsi, ko tana cikin al'ada, ƙwayar fluconazole ɗaya ta isa.

Mai juna biyu, ko wadda ake zaton tana da shi, ba ta shan fluconazole. Ita matsi ake ba ta na kwana 7, kuma ta fara zuwa wajen awon ciki a duba ta, ta kuma sa da yatsa ba da abin turawa ba.

A daina duk wani cushe-cushe a wannan lokaci, na kayan mata ne, miski ne, zuma ce, alimun ne, har da wanke can ciki da sabulu. Gaban mace yana tsabtace kansa, wankin waje da ruwa ya wadatar. Wadda ke shan ƙwayoyin ƙiba kuma ta sani cewa da yawansu sitiroid ne, suna tayar da suga suna raunana garkuwar jiki, amma kada ta yanke su rana ɗaya in ta daɗe tana sha, ta je likita ya janye mata a hankali.

Idan kuwa matarka ce ke da kandida kai ba ka jin komai, ba ka ga komai ba, ba sai ka sha magani ba. Yi wa mijin da ba shi da alama magani bai nuna yana hana abin dawo wa mace ba.

Mataki na 8: Dakatar da saduwa

Ku haƙura har ku duka biyu ku gama magani, ƙaiƙayi da ja su tafi, yawanci mako guda. Gogayya na sake buɗe fatar da ke haɗewa, kuma tsagaggiyar fata ƙofa ce ga wasu cututtukan. Kada a dogara da kwaroron roba a kwanakin nan, domin man da ke cikin kirim da matsin yana raunana robar, tana iya fashewa. Masu amfani da shi don tazarar haihuwa su lura da wannan.

Mai mata fiye da ɗaya, hutun na gidan duka ne, ba na ɗaki ɗaya ba. Ka ci gaba da rabon kwananka yadda ka saba, amma ban da kusanta har ka warke. Ka yi wa kowacce bayani ita kaɗai, ba tare da ka ce daga ɗakin wance aka samo ba, domin ba ka da tabbacin haka, kuma kalmar nan in ta fita ba ta komawa. Wadda ke da alama a yi mata magani, wadda ba ta da shi a ƙyale ta. Wannan hukuncin kandida ne kawai. In gwaji ya nuna gonoriya ko kilamidiya ko tirikomonas, kowa da kowa zai sha magani a rana ɗaya.

Wanduna da tawul a wanke su da sabulu a ɗauraye sosai, a shanya a rana su bushe ƙarau, in da hali a goge. Kowa ya riƙe tawul ɗinsa.

Mataki na 9: Alamun da ba a jira da su

Ka tafi asibiti a ranar, ko da dare ne, idan loɓa ta maƙale a bayan kan kaciya ta kumbura ta ƙi komawa, ko fitsari ya ƙi fita, ko gaba da maraina suka kumbura da zafi mai tsanani da zazzaɓi, ko wani sashe na fatar ya fara yin baƙi yana wari. Na ƙarshen nan ya fi samun masu ciwon suga, yana kuma yaɗuwa cikin sa'o'i. Gyambo ko tsiro a kan kaciya da ya wuce mako 3 ko 4 bai warke ba, musamman ga dattijo, shi ma likita ne zai gani, kada a yi ta shafa masa kirim.

Mataki na 10: Idan bai tafi ba, ko yana dawowa

In ka yi kwana 7 kana shafawa yadda ya kamata babu sauƙi, ko abin ya dawo cikin wata 2, ka daina sayen magani, ka koma neman dalili. Abu na farko da nake aunawa shi ne suga. Akwai wani direban babbar mota da ya zo mini da leda cike da kwalayen magungunan da ya sha cikin wata shida, ya kusa sakin matarsa a kan zargin ita ke sake sa masa. Na tambaye shi sau nawa yake tashi fitsari da dare, ya ce ba ya ƙirgawa, ga ƙishirwa, ga rama. Muka ɗiga jininsa a na'ura, sugan ya yi sama ƙwarai. Fitsarin mai suga da ke taɓa kan kaciya shi ke ciyar da ƙwayar. Da aka daidaita sugan, ƙaiƙayin da ya ƙi jin magani wata shida ya tafi da kirim ɗaya. Ga maza da yawa wannan ƙaiƙayin ne alamar farko ta ciwon suga.

Ka je da safe kafin ka ci komai, bayan awa 8 aƙalla ba abinci, ruwa kawai. In awon ya kai 126 mg/dL, wato 7.0 a ɗaya ma'aunin, ko ya haura, a sake shi wata rana don tabbatarwa, sannan ka ga likita. Wanda ya riga ya san yana da suga kuma yana shan empagliflozin ko dapagliflozin ya sani cewa ta fitsari suke fitar da suga, shi ya sa suke jawo wannan matsala, ya faɗa wa likitansa, kada ya daina da kansa. Ita ma uwargida a auna ta. Gwaji na biyu shi ne na cuta mai karya garkuwar jiki, wanda ake yi kyauta a asibitocin gwamnati da yawa, kuma ina ba kowane mai yawan kamuwa shawarar ya yi don hankalinsa ya kwanta.

Idan matar na kamuwa sau 3 ko 4 a shekara, ba maganin dare ɗaya take buƙata ba, akwai tsarin da likita ke ɗora ta a kai na watanni 6. Akwai kuma nau'in kandida da ba ya jin fluconazole sosai, sai gwaji ke bambance shi. A ɗakin gwaje-gwaje za a goga ɗan tsinke mai auduga a wurin, naka a kan kaciya, nata a ciki, a duba a madubin likita ko a shuka shi 'yan kwanaki a ga abin da zai tsiro. Ku je lokacin da alamun ke nan, ba bayan sun lafa ba. Kada ku shafa kirim ko ku sa matsi na 'yan kwanaki kafin zuwa, ita kuma kada ta wanke ciki a safiyar, ta kuma zaɓi ranar da ba ta al'ada. Ku tafi da kwalayen duk magungunan da kuka sha ko kuka shafa, har da na gargajiya, ku zube su a gaban mai duba ku.